Gansakuka a Dagwalon Masana'antu: Har Ina Batun Maganin Kansa Ya Kai?

Akwai wani irin bincike da ya yawaita a 'yan shekarun nan, musamman a jami'o'in Indiya, Masar, Malesiya da Barazil, kuma fasalinsa kusan ɗaya ne ko'ina. Masu binciken sukan je bakin magudanar wata masana'anta, ta madara ce ko ta manja ko masaƙa, su ɗebo ruwan da take zubarwa. Su kawo shi ɗakin gwaje-gwaje, su zuba masa irin ƙananan gansakuka, waɗanda ido ba ya ganin ƙwara ɗaya sai da madubin likita. Bayan mako biyu ko uku ruwan ya koma kore shar, ƙazantar cikinsa ta ragu. Sai su tace gansakukar, su busar, su jiƙa garin a sinadarin da zai tsotso abin da ke ciki, sannan su ɗiga ruwan a kan ƙwayoyin kansa da ake raino a faranti. Ƙwayoyin su mutu. Kafin ka ce kwabo labari ya karaɗe intanet cewa an gano maganin kansa a cikin dagwalon masana'antu.

Ba mamaki abin ya ja hankali. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, da ke Lyon a Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2022 kimanin mutum miliyan 20 ne suka kamu da kansa, miliyan 9.7 kuma suka rasu. A wani gefen ga masana'antu na ta malalar da gurɓataccen ruwa cikin koguna. Duk wanda ya zo da dabarar da za ta wanke ruwa kuma ta samar da magani a tashi ɗaya, dole a saurare shi.

Abin da zan ce shi ne, kowane rabi na dabarar gaskiya ne idan an ɗauke shi shi kaɗai. Gansakuka tana wanke ruwa, wannan an tabbatar tun kafin a haifi yawancinmu. Danginta kuma sun ba duniya maganin kansa na haƙiƙa, wanda ake ɗaura wa marasa lafiya a asibiti yau. Wurin haɗa biyun ne ake yin tuntuɓe.

Mu fara da halittar kanta. Ƙananan gansakuka halittu ne masu ƙwayar halitta ɗaya ko 'yan kaɗan a sarƙe, suna rayuwa a ruwa, suna haɗa abincinsu da hasken rana irin yadda ganye ke yi. Mafi shahara a cikinsu ita ce kulorela, wadda wani masani ɗan Holan, Martinus Beijerinck, ya ware ya raina a 1890. Sai sifirulina, wadda masana ke sa ta a layin bakteriya masu launin shuɗi-kore, amma a kasuwa da ɗakunan bincike ana lissafa ta tare da sauran.

Ita sifirulina ba baƙuwa ba ce a yankinmu. A Kanem da gefen Tafkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasarta daga saman ƙananan tafkuna masu kanwa. Su yaye koren kumfar da ta taru a gefe, su zuba ta a wani ɗan gurbi da suka shafe a kan rairayi, ruwan ya tsotse, rana ta busar da ita ta zama faifai, a kakkarya a kai kasuwa. Dihe suke kiranta, da ita ake miya a ci da tuwon gero. A tsakiyar shekarun 1960 ne wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, ya bi diddiginta, daga nan Turai ta farga da yawan furotin da ke cikinta. Abin lura a nan shi ne ruwan da dihe ke tsiro: tafkin kanwa ne na Allah, babu bututun masana'anta da ke zuba a ciki.

To me ya kai masu bincike ga dagwalo? Kuɗi. Gansakuka tana buƙatar naitirojin da fosfaras, abubuwan da manomi ke saya a buhun takin zamani, ga ruwa mai yawan gaske. A kududdufin raino da ke fili, da wuya ka samu giram ɗaya na busasshiyar gansakuka a lita ɗaya ta ruwa, sauran duk ruwa ne da sai an kashe wuta an raba su. Ruwan da masana'antar madara ko ta sukari ko ta manja ke zubarwa kuwa cike yake da waɗannan sinadarai, kuma mai masana'antar neman kai yake da shi.

Dabarar tsohuwa ce. A shekarun 1950 William Oswald na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya tsara kududdufai marasa zurfi, masu dogon zagaye, waɗanda daga baya aka sa musu wata fanka mai fikafikai da ke tura ruwan yana kewayawa a hankali. Bakteriya su cinye ƙazanta su fitar da iskar kabon, gansakuka ta shaƙi kabon ɗin ta ba su oksijin, kowa ya rayu da numfashin ɗan'uwansa, ruwa ya fito da sauƙin datti ba tare da injinan hura iska masu cin wuta ba. Kowane kilo ɗaya na busasshiyar gansakuka ya ci kusan kilo 1.8 na iskar kabon. A garin Chiclana da ke kudancin Sifaniya an kai ga raina gansakuka a ruwan kwatamin gari, a ruɓar da ita a samu iskar gas da ake tuƙa motoci da ita. Wannan ɓangaren babu gardama a kansa.

Wahala ce ke fito da sinadarin

Dalili na biyu ya fi na farko daɗin bibiya, domin nan ne ilimin yake. Gansakuka ba ta da ƙafar gudu. Idan rana ta yi mata yawa, ko gishiri, ko abinci ya yanke, ko guba ta shigo ruwan, abin da za ta iya kawai shi ne ta canza sinadaran cikinta ta kare kanta. Akwai wata mai suna hematokokus da ke kore idan tana cikin jin daɗi. Da zarar an rage mata naitirojin aka ƙara mata haske, sai ta dunƙule, ta yi kauri, ta koma ja wur, saboda ta tara wani sinadari mai suna astazantin. Shi ne ke ba naman kifin salmon da jatan-lande launinsu. Wata kuma, dunaliyela, tana rayuwa a ruwa mai tsananin gishiri, tana tara bita-karotin, sinadarin da ke cikin karas, har ya kai kashi 10 cikin 100 na busasshen nauyinta. Ita ce ta mayar da tafkin Hutt na yammacin Ostareliya ruwan hoda, kuma a can ake nomanta don kasuwa.

Hasashen masu binciken ke nan: dagwalon masana'antu wahala ce, wahala kuwa za ta tilasta wa gansakuka ta ƙara fitar da sinadaran kariya, waɗanda wasunsu ke taɓa ƙwayoyin kansa. Hasashen yana da tushe. An ga faikosayanin, shuɗin launin da ke cikin sifirulina, da fukozantin na wasu gansakukan teku masu ruwan ƙasa, suna tura ƙwayoyin kansa su kashe kansu a faranti, ko su tsayar da su daga rarrabuwa. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da tsarin mutuwa idan ta lalace, ƙwayar kansa kuwa ta toshe wannan tsarin, shi ya sa duk abin da ya sake buɗe shi yake ɗaukar hankalin masana.

Sai dai ba kowace wahala ce ke ba da abin da ake so ba. Faikosayanin furotin ne, kuma rumbun naitirojin ne ga sifirulina: idan yunwa ta zo, shi take fara cinyewa. Astazantin kuwa sai da yunwar yake taruwa. Wato ruwan da ya cika da naitirojin zai taimaki ɗaya ya danne ɗayan. Idan amoniya ta yi yawa, ta ƙone gansakukar baki ɗaya. Ruwan masaƙa mai duhun rini da ruwan matsar manja mai launin ƙasa sukan tare haske, dole a sirka su da ruwa mai kyau kafin komai ya tsiro. Ga kuma babbar matsala ga mai son yin magani: abin da masana'anta ta zubar ranar Litinin ba shi ne na ranar Alhamis ba. Yau ana rina baƙi, gobe ana wanke tukwane da sinadari. Magani kuwa ana so kwalbar bana ta zama daidai da ta baɗi.

Abin da ke faruwa a cikin farantin

Yana da kyau mai karatu ya ga gwajin da idonsa, domin kusan duk labaran nan a kansa suka tsaya. Farantin roba ne da bai wuce tafin hannu ba, mai ƙananan ramuka 96. A kowane rami ana zuba dubban ƙwayoyin kansa da ruwan abincinsu, a ajiye a akwati mai ɗumin jikin mutum, digiri 37. Ƙwayoyin ba daga sabon majiyyaci suke ba. Zuriyar wasu tsofaffin ƙwayoyi ce da ake ta rainonsu shekara da shekaru: HeLa, da aka ɗauka daga wata majiyyaciya mai suna Henrietta Lacks a Baltimore a 1951, ko MCF-7 ta kansar nono, da aka samo a Detroit a farkon shekarun 1970, ko HepG2 ta hanta, ko A549 ta huhu. Washegari a ɗiga ruwan gansakukar, wani rami kaɗan, wani da yawa. Bayan kwana ɗaya zuwa uku a zuba wani rini rawaya mai suna MTT, dabarar da Tim Mosmann ya fito da ita a 1983. Ƙwayar da ke raye tana juya rawayan ya koma shunayya, matacciya ba ta iyawa. Na'ura ta auna duhun launin, a lissafa adadin da ya kashe rabin ƙwayoyin.

Gwajin yana da amfani a matsayin matakin farko na tankaɗe, iyakarsa ke nan. Ruwan bilicin wanki ma zai share ramukan 96 kaf. Ƙwayar da ke faranti ba ta da hanta da za ta sarrafa sinadarin, ba ta da ƙoda da za ta fitar da shi, ba ta ɓuya a tsakiyar ƙari inda jini ba ya isa sosai. Faikosayanin da ya yi aiki a faranti, idan mutum ya haɗiye shi, ciki zai narkar da shi kamar kowane furotin. Fukozantin kuwa hanji yana canza shi, kaɗan ne ke isa jini. Shi kansa rinin yana iya ruɗin mai aunawa, domin ruwan gansakuka yana da launinsa, wasu sinadaransa kuma suna juya MTT ko babu ƙwaya ko ɗaya a ramin.

Duk wannan ya shafi kowane tsiro da aka gwada. Amma gansakukar dagwalo tana da nata tarkon na daban, kuma a ganina shi ne ya kamata a fara tambaya a kansa kafin komai. Halin da ya sa take wanke ruwa shi ne ta kwashi abin da ke cikinsa ta riƙe. Bangon ƙwayarta yana kama ƙarafa masu guba, wasu kuma su shige ciki ta ɗaure su da wasu ƙananan furotin. Kuromiyam, kadmiyam, dalma, zaiba, asinik, duk tana tarawa har su ninka abin da ke cikin ruwan. To idan aka tsotso ruwan irin wannan gansakuka aka ɗiga wa ƙwayoyin kansa suka mutu, wa ya kashe su? Sinadarin da gansakukar ta ƙera, ko gubar masana'antar da ta biyo shi? Kadmiyam yana kashe ƙwayoyin halitta a faranti. Nau'in kuromiyam mafi muni, wanda ake kira mai lamba shida, shi ma haka. Su biyun, tare da asinik, IARC ta sa su a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Ashe mai bincike zai iya murnar ya samo maganin kansa alhali abin da ke sa kansar ne ya auna.

Gaskiya ne cewa idan da ispirit aka yi tsotson, yawancin ƙarafan kan tsaya a cikin dusar. Amma ragowar rini da makamantansu suna bin ispirit ɗin. Wasu rinukan masaƙa idan suka karye sukan saki sinadarai irin su benzidin, kuma tun 1895 wani likitan tiyata a Frankfurt, Ludwig Rehn, ya lura da yawan kansar mafitsara a tsakanin ma'aikatan masana'antar rini a Jamus.

Saboda haka binciken da ya cancanci a tsaya a karanta shi ne wanda ya raina irin gansakukar guda a ruwa mai tsabta da kuma a dagwalo ya gwada su kafaɗa da kafaɗa, ya auna ƙarafan da ke cikin abin da ya tsotso, ya kuma ɗiga shi a kan lafiyayyun ƙwayoyin halitta ya nuna bai kashe su kamar yadda ya kashe na kansa ba. Akwai masu yin hakan, kuma sakamakonsu ne ke da nauyi. Wani salon da ya yi tashe shi ne a yi amfani da ruwan gansakuka a haɗa ƙananan ƙwayoyin azurfa, a gwada su a kan kansa, a ba gansakuka lambar yabo. Azurfa a wannan girman tana kashe ƙwayoyin halitta ko da ruwan me aka haɗa ta.

Kududdufin da ke fili yana da wani haɗarin kuma. Ba ka da ikon hana baƙin iri shigowa, kuma cikin dangin shuɗi-kore akwai masu fitar da guba mai suna maikurosistin, mai cin hanta. A 1996, a garin Caruaru na Barazil, ruwan da ke ɗauke da ita ya shiga injinan wata cibiyar wankin ƙoda, sama da mutum 50 suka rasu. A watan Agustan 2014 an hana mazauna Toledo a jihar Ohio ta Amurka, kusan rabin miliyan, shan ruwan famfo na kwana uku saboda ita. IARC ta sa nau'inta mafi shahara a jerin abubuwan da ake zargin suna iya haddasa kansa.

Ko an kawar da batun guba, tarihin bita-karotin ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan. A shekarun 1980 masana da yawa sun yi amanna cewa zai hana kansa, domin masu yawan cin kayan lambu ba su cika kamuwa ba, a faranti ma ya yi kyau. Sai aka gwada a kan mutane. A Finlan aka sa maza mashaya sigari sama da 29,000 a gwaji, sakamakon ya fito a 1994: waɗanda aka ba bita-karotin sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin 100. A Amurka wani gwajin mai mutum sama da 18,000 aka dakatar da shi a 1996 kafin wa'adinsa, domin ƙarin ya kai kashi 28. Na masana'anta aka ba su, ba na gansakuka ba, kuma da yawa aka ba su, amma darasin bai canza ba: abin da ke kare ƙwayar halitta yana iya kare wadda ta fara lalacewa.

Sifirulina kanta an taɓa gwada ta a Kerala ta Indiya, a wani ƙaramin bincike da aka wallafa a 1995, a kan masu tauna taba da ke da farin tabo a baki, wanda kan rikiɗe ya zama kansa. Giram ɗaya kullum na shekara guda. Tabon ya ɓace wa mutum 20 cikin 44, alhali cikin 43 da ba a ba su ba, 3 kawai ya ɓace wa. Da suka daina sha, ya dawo wa kusan rabinsu. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma tabo ne ba kansa ba, mutanen kaɗan ne, kuma sifirular ruwa mai tsabta ce. Mai ɗauke da kansa da ya ga kwalbar koren ƙwaya a kanti ko a Facebook ana ce masa ta maye gurbin asibiti, babu wata hujja da ke bayan wannan magana. Wanda yake kan allurar kansa ko ake gasa masa cutar da na'ura kuma yana son shan sifirulina a matsayin ƙarin abinci, likitansa ya kamata ya fara sani.

Yadda aka samu na gaskiyan

Ga labarin da ya nuna yadda hanyar take idan ta ɓulle. A shekarun 1970 George Pettit na Jami'ar Jihar Arizona ya fara bibiyar wata dabbar teku mai taushin jiki daga Tekun Indiya, dangin dodon-koɗi, wadda ruwan jikinta ke kashe ƙwayoyin kansa. Sai a 1987 ya bayyana sinadarin, dolastatin 10, bayan an sarrafa ɗaruruwan kilo na dabbar an samu 'yan miligiram. Ƙarancin nan ya sa aka yi zargin ba ita ke ƙera shi ba. A 2001 masu bincike a Hawaii suka same shi a cikin wata gansakukar teku ta dangin shuɗi-kore daga tsibiran Palau. Ashe dabbar kiwonta take yi, ta tara gubar a jikinta.

Dolastatin yana hana ƙwayar halitta kafa zaren da take jan kanta da shi ta rabu biyu. Ƙarfinsa ya wuce misali, amma da aka gwada shi a kan marasa lafiya bai yi abin kirki ba a adadin da jiki zai iya ɗauka. Wani ɗan'uwansa daga wata gansakukar, kiriftofaisin, kamfanin Eli Lilly ya kai shi gwajin mutane, shi ma aka ajiye shi saboda yana taɓa jijiyoyi. Da labarin ya ƙare a nan, sai masana haɗa sinadarai suka ƙera wani mai kama da dolastatin, MMAE, suka ɗaure shi a jikin wani furotin na garkuwar jiki da ke gane alamar da ke goshin ƙwayar kansa. Kamar a ba ɗan aiken da ya san gidan saƙo a ƙulle, a ce kada ya kwance sai ya shiga ciki. A watan Agustan 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Adcetris, don kansar Hodgkin da wata kansar ƙwayoyin garkuwar jiki. Bayansa an sake fitar da wasu masu ɗauke da MMAE, har da na kansar mafitsara a 2019 da na bakin mahaifa a 2021.

Daga 1987 zuwa 2011 shekara 24 ke nan. Taxol ma, wanda aka samo daga ɓawon wata bishiya a Amurka, an ɗebo ɓawon a 1962, ba a amince da maganin ba sai 1992. Cikin magungunan kansa da suka kai matakin fara gwaji a kan mutane, waɗanda ke tsallakewa ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Amma abin da ya fi shafar maganarmu shi ne wannan: babu kududdufin gansakuka ko ɗaya a bayan Adcetris. A masana'antar magani ake haɗa MMAE daga farko har ƙarshe. Gansakuka ta nuna zanen ne kawai. Kuma adadin da ake ɗaura wa babban mutum miligiram 1.8 ne a kowane kilo na nauyinsa, duk mako uku, gubar kuma ɗan ƙaramin kaso ce a ciki. Nan ne hujjar arha ta dagwalo ke rushewa. Rarar kuɗin taki tana da ma'ana ga mai son tan-tan na gansakuka don gas ko man fetur, inda kowane kwabo ke da lissafi. Ga magani kuwa, kuɗin abincin gansakuka ba komai ba ne a gaban kuɗin tacewa da gwaji da shawo kan hukuma. Babu kamfanin da zai yi rarar buhun yuriya ya sayo wa kansa aikin tabbatar da cewa babu kadmiyam a kowace kwalba.

Wannan bai sa binciken ya zama aikin banza ba. Halittar da ta iya rayuwa a ruwan da ya kashe kowa tana iya kunna wasu hanyoyin ƙera sinadarai da ba ta taɓa kunnawa a ruwa mai daɗi ba. Magudanar masana'anta wuri ne mai kyau na farautar irin waɗannan. In an samu, a ware irin, a mayar da shi tankin gilashi mai tsabta, a gano ainihin abin da ya tayar masa da hankali, gishiri ne ko yunwa ko zafi, a yi masa shi da gangan kuma da awo. Akwai kuma bambanci mai girma tsakanin dagwalo da dagwalo. Ruwan tsamin da ya rage bayan an yi cuku, ko na wanke rogo da masara, asalinsa abinci ne, kuma ana iya tunanin samun launin abinci ko abincin kifi daga gansakukar da ta ci shi, idan awo ya nuna tsabta. Na majema da masaƙa da masu shafa wa ƙarfe fenti wani abu ne daban.

A Kano ba sai an yi dogon bayani ba. Majeminmu na gargajiya da bagaruwa yake jima, amma manyan masana'antun fata na Chalawa da Sharaɗa da Bompai, kamar yawancin na duniya, da gishirin kuromiyam suke aiki. Wanda ake jima da shi mai lamba uku ne, bai kai mai lamba shida muni ba, sai dai yana iya rikiɗewa ya koma shi, musamman idan aka ƙona tarkacen. Ruwan yankunan nan yana gangarawa Kogin Chalawa da Jakara, inda manoman rani ke ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo, kuma masu bincike sun sha auna ƙarafa masu guba a ruwan da ƙasar da ganyen. Rana muna da ita, fili muna da shi, zafin da gansakuka ke so ma akwai. Kududdufin Oswald zai iya rage wani kaso na wannan guba kafin ta isa lambu, bayan an fara kwantar da mafi yawan kuromiyam ɗin da farar ƙasa, domin ɗanyen ruwan majema ya fi ƙarfin yawancin gansakuka.

Sai dai koren lakar da za a kwaso daga irin wannan kududdufi shara ce mai haɗari, domin gubar ba ɓacewa ta yi ba, wuri ta canza. Ba ta shiga abincin kaji, ba ta shiga kududdufin tarwaɗa, ba a watsa ta a gona da sunan taki. Ko dai a sarrafa ta a ƙwato kuromiyam ɗin a mayar da shi majema, ko a binne ta a ramin da aka shimfiɗe yadda ruwan sama ba zai wanko ta ya kai rijiyoyin unguwa ba.